Kakar 1967: makarantar da ta fitar da direban da ya kwana Tawa



Waɗanda sunka yi wayo zamanin shugaba Ali Saibou ba su manta da Paris-Dakar ba. A watan Janairun 1989 ayarin masu tseren ya taso daga Agadas, ya yada zango a Tawa, washegari ya nufi Yamai. Cikin direbobin da sunka tada ƙura a ƙasarmu wannan shekara akwai wani ɗan Beljik mai shekara 44, Jacky Ickx, ana furta sunan Jaki Iks. Motarsa Peugeot 405 ce, wato Fijo tamu da kowa ya sani, sai dai an sake mata ciki da waje. Jama'a sun ga gudu, sun ji ƙarar inji, ƙura ta lafa kowa ya koma gida. Makarantar da ta koya wa mutumin nan tuƙi, shekara 22 kafin nan, ita ce ba a gani ba, kuma tarihinta za mu waiwaya yau, don akwai abin da ya shafi yaranmu a ciki.

Da farko mu san irin motar. Turawa suna da wata motar tsere mai kujera ɗaya tak. Ba rufi, ba fitila, ba wurin fasinja, tayoyinta huɗu a waje suke tsirara. Ko buhun albasa guda ba ta ɗauka. Ba ta hawa hanyar jama'a, fili ake keɓe mata, a zagaye shi, a yi ta kewayawa har adadin da anka yanka ya cika. Tseren wannan mota hawa-hawa ne kamar ajin lakwal: Formula 3 a ƙasa, Formula 2 a tsakiya, Formula 1 a ƙololuwa. Yaro ba ya tsallake aji sai malamai sun shaida.

A shekarar 1967 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta buɗe gasar Formula 2 ta nahiyar Turai karon farko. Anka ƙayyade girman inji kada ya wuce cc 1600, alhali na Formula 1 ya kai cc 3000. Don kwatance, yawancin baburan kabu-kabu da muke hawa ba su wuce cc 100 zuwa 150 ba. Galibin motocin gasar da injin Cosworth FVA sunka yi aiki, mai ƙarfin doki wajen 220, a cikin ƴar motar da nauyinta bai kai rabin tan ba. Anka tsara tsere goma, daga watan Maris zuwa Oktoba, a ƙasashe shida: Ingila, Jamus, Ostiriya, Spaniya, Holan da Italiya. Na ɗaya yana samun maki 9, na biyu 6, sai 4, 3, 2, na shida 1.

Ga dokar da ta sa kakar nan ta cancanci a tuna ta. Anka yarda manyan direbobin Formula 1 su shiga tseren tare da yara, su ci kofin ranar, su karɓi kuɗinsu, amma ba a rubuta musu maki ko ɗaya. Makin na masu tasowa ne kaɗai. Masu filayen tsere suna son manya don su ke jawo ƴan kallo, hukuma kuma tana son yara su samu suna. Da wannan doka anka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ku ɗauka a ce sarkin kokowa mai riƙe da takobi ya sauko filin ƙauye yana kamawa da samari, in ya kada kowa a ba shi goronsa, amma ragon gasa sai wani saurayi ya tafi da shi. Wanda ya jure kamun sarki, ai ya koyi abin da shekara biyar ta kamawa da sa'o'insa ba ta koya masa ba.

Manyan da sunka sauko kuwa ba ƙananan mutane ba ne. Akwai Jim Clark, zakaran duniya na 1963 da 1965. Akwai Graham Hill, akwai Jack Brabham, akwai Jackie Stewart. Akwai kuma Jochen Rindt na ƙasar Ostiriya, wanda a Formula 2 babu mai ja da shi. Rindt, cikin motar Brabham, ya cinye tsere uku na farko a jere: Snetterton da Silverstone a Ingila, sannan Nürburgring a Jamus. Daga baya ya ƙara biyu, ɗaya a gida Ostiriya, ɗaya a Brands Hatch. Tsere biyar cikin goma ke nan a hannun mutum ɗaya, kuma a takardar maki sifiri gare shi. Clark ya ci na Jarama kusa da Madrid, Stewart ya ci na Enna a tsibirin Sisili. Uku kacal sunka rage wa masu neman maki: Frank Gardner ɗan Ostireliya ya ci na Hockenheim, Ickx ya ci na Zandvoort a Holan da na Vallelunga kusa da Roma.

To wane ne Ickx a lokacin? Yaro ne mai shekara 22, an haife shi ranar 1 ga Janairu 1945 a Brussels, mahaifinsa ɗan jarida ne mai rubutu kan motoci. Da ƙaramin babur mai cc 50 ya fara, cikin gasar da ake gwada iya sarrafa babur a kan duwatsu da taɓo, inda wanda ya sa ƙafa ƙasa ke asarar maki. Daga nan ya koma tseren motocin gida. Can wani Bature ɗan kasuwar katako, Ken Tyrrell, mai ƙungiyar tsere tasa ta kansa, ya hango shi ya ɗauke shi, ya ba shi motar Matra ƙirar Faransa. A wasu tseren da manya sunka wuce gaba, Ickx yana biye yana tsintar makin da doka ta hana su, yana kuma kallon inda suke taka burki da inda suke sake shi.

Ranar da duniya ta san da shi ba ta ma cikin tsere goman nan. A watan Agustan 1967 anka yi babban tseren Formula 1 na Jamus a Nürburgring, filin da kewayensa ɗaya ya haura kilomita 22, cikin duwatsu da daji, ga kwana fiye da ɗari. Saboda tsawon filin anka bar motocin Formula 2 su shiga don cika wuri. A gwajin lokaci, Ickx da ƴar motarsa mai rabin inji ya zo na uku cikin kowa da kowa. Clark da Denny Hulme ne kaɗai sunka fi shi sauri. Doka ta ce ƙananan motoci su tashi daga bayan manya, haka anka yi. Ya dinga wuce su ɗaya bayan ɗaya har ya kai na huɗu, sannan wani ƙarfe na ƙafar motar ya karye ya tsaya. Bai ƙare tseren ba, amma masu manyan ƙungiyoyi sun ga abin da sunka gani. Wata guda bayan haka kamfanin Cooper ya ba shi motar Formula 1 a Monza, ya zo na shida.

A watan Oktoba anka rufe kaka a Vallelunga. Ickx ya ci tseren, ya zama zakaran farko na Formula 2 a Turai, Gardner na biyu, Jean-Pierre Beltoise na Faransa na uku. Shekarar da ta biyo Ferrari ta ɗauke shi, ya ci tseren Faransa a Rouen cikin ruwan sama.

Kada a zaci makarantar nan ba ta ci rayuka ba. Ranar 7 ga Afrilu 1968 Jim Clark ya rasu a tseren Formula 2 a Hockenheim, motarsa ta bar hanya ta daki itace. Rindt ya rasu a Monza a watan Satumban 1970, ya kuma zama zakaran duniya na shekarar bayan mutuwarsa, Ickx ne ya zo na biyu. Abin da Ickx ya koya daga waɗannan shekaru ya nuna shi a 1969, a tseren awa 24 na Le Mans. Al'adar wurin ita ce direbobi su jeru a tsallaken hanya, in an daga tuta su ruga su faɗa mota su tashi, da yawansu ba su tsayawa ɗaure bel. Ickx ya ƙi gudu. Ya tako a hankali gaban dubban mutane, ya zauna, ya ɗaure bel ɗinsa tsaf, ya tashi na ƙarshe. A kewayen farko wani direba, John Woolfe, ya yi hatsari ya mutu. Bayan awa 24 Ickx ne ya ci tseren, kuma daga shekarar da ta biyo anka daina wannan rugawa. Sau shida ya ci Le Mans, sau takwas ya ci tseren Formula 1, a 1983 kuma ya ci Paris-Dakar cikin Mercedes.

Wannan shi ne mutumin da ya kwana Tawa a 1989. Kwana biyu bayan nan ayarin ya isa Gao ta ƙasar Mali, Ickx da abokin aikinsa Ari Vatanen ɗan Finlan sun yi wa kowa nisa, suna ta gasa tsakaninsu. Shugaban ƙungiyar Peugeot, Jean Todt, ya ji tsoron kada su karya motocin ko su kashe kansu. Sai ya ciro kwandalar faran 10 na Faransa, wadda a canjin wancan lokaci take daidai da dala ɗari tamu, ya cilla sama. Ta faɗa wa Vatanen. Ickx ya karɓi hukuncin, har ma da ya samu kansa gaba dab da Dakar ya sassauta ya bar Vatanen ya wuce. Mutane da yawa sun yi tir da wannan kwandala, kuma suna da hujja. Amma ku lura da direban: ya san gudu, ya kuma san inda doka ta ce a tsaya.

Paris-Dakar ta zo ta wuce. A 2000 anka kwashe ayarin da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 anka soke tseren baki ɗaya, daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yinsa. Ƙasarmu ta ba da hanya da rairayi da wurin kwana, ba a bar mata filin koyo ko ɗaya ba.

Son gudu kuwa yana nan cikin jinin samarinmu. Kowa ya san yadda ake yi ranar ɗaukar amarya ko ranar salla: babura a jere, wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya saki hannu, ba hular kwano, a kan hanyar da manyan motocin siminti na Malbaza da na albasar Galmi suke bi, ga yara a gefe, ga awaki. Mahaɗar Tsarnawa ba filin tsere ba ce. Faɗa da zagi ba su hana ba, kamen jandarma ma na kwana biyu ne. Iyaye da yawa a yankin nan sun san abin da ake nufi in an ce an wuce da yaro asibiti cikin dare.

Kuma ba sai mun je Turai neman tsarin hawa-hawa ba, muna da namu. A Tawa anka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Ɗan kokowa yana farawa a dandalin ƙauye bayan girbi, ya hau zuwa gunduma, a zaɓe shi cikin goman jiha, sannan ya taka filin ƙasa. Akwai alƙali, akwai da'ira, akwai kamun da anka haramta, akwai tsofaffin ƴan kokowa masu horar da na baya. Shi ya sa ƙarfin samari ya zama abin alfahari maimakon abin makoki.

Motar Formula ta fi ƙarfin aljihunmu, wannan ba gardama. Abin da kakar 1967 ta tsaya a kansa dai bai fi abu huɗu ba: fili keɓaɓɓe nesa da hanyar jama'a, inji iri ɗaya ga kowa, doka da mai tsare ta, da manya masu shiga cikin yara ba don su ƙwace musu rabo ba. Fili muna da shi, babura iri ɗaya sun cika gari, ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu suna da shugabanni da tsofaffin hannu, magadan gari da sarakuna suna da ikon ware wuri su ce ba mai shiga sai da hular kwano. Ickx ma da cc 50 ya fara, a gasar da ake ba mai natsuwa maki.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya kiyaye hanya. Sai mun sake haɗuwa.