Daga Garmish zuwa Yamai: tarihin koya wa ɗalibai tsara aikin manhaja

A hutun bara ɗan yayana, wanda ke shekara ta 3 a fannin kwamfuta a wata jami'a ta ƙasarmu, ya zo gida Maraɗi da wani kundi mai kauri. Aikinsa ne na kammala karatu, manhajar da za ta riƙe lissafin kaya a wani kantin magani. Wata 4 ya yi yana zane da rubutu kafin ya fara gina ta. Ranar da ya kai wa mai kantin, mutumin ya duba na ɗan lokaci, sai ya tambaye shi ina wurin rubuta bashi. Ashe yawancin masu sayen maganinsa sai ƙarshen wata suke biya. Yaron bai taɓa tambayar wannan ba, shi kuma mai kanti bai zaci sai an faɗa ba. Malamai sun ba shi maki mai kyau, manhajar kuwa tana nan kwance cikin kwamfutarsa.

Ni mushe ne na firamare, ba masanin kwamfuta ba. Amma abin ya dame ni, don na san abin da iyayensa suka kashe a kan karatun nan, shi ya sa na shiga bincike. Abin da na tarar shi ne kuskuren yaron ya girme shi, manyan masana sun shekara sama da 50 suna kokawa da shi. Idan na ce manhaja a nan, ina nufin abin da ƴan boko ke kira lojisiyel, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ba manhajar karatu da muka saba da ita a lakwal ba.

A farkon zamanin kwamfuta mutum ɗaya ko biyu ke rubuta manhaja, duk aikin yana cikin kansu. Da na'urorin suka ƙara ƙarfi a shekarun 1960, sai ayyukan suka fi ƙarfin mutum ɗaya. Kamfanin IBM na Amurka ya sa mutum sama da 1000 a kan manhajar OS/360, amma aikin ya makara, kuɗin da aka kashe ya zarce kasafi, kuma ta fito da kurakurai masu yawa. Irin wannan ya yawaita har Ƙungiyar tsaro ta NATO ta kira taro a garin Garmish na Jamus a watan Oktoba 1968. Masana sama da 50 daga ƙasashe 11 suka zauna, suka amince cewa sana'ar na cikin matsala. Shawarar da ta fito ita ce a ɗauki rubuta manhaja a matsayin aikin injiniya, mai ƙa'ida da matakai, kamar gina gada.

A 1970 wani injiniya mai suna Winston Royce ya fitar da takarda da ta jera matakan: a tattara buƙatun mai aiki, a yi nazari, a zana tsari, a rubuta manhaja, a gwada, a miƙa. Daga baya wasu suka raɗa wa tsarin sunan gangarar ruwa, domin aiki na sauka daga mataki zuwa mataki ba ya komawa sama. Abin mamaki, Royce da kansa ya gargaɗi masu karatu a cikin takardar cewa bin matakan sau ɗaya a jere yana da haɗari, tunda gwaji sai a ƙarshe yake zuwa, lokacin da gyara ya yi tsada. Ya ba da shawarar a gina abin sau biyu, a kuma riƙa jawo mai aikin kusa. Mutane suka ɗauki zanen, suka bar gargaɗin. A 1985 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta ɗora kamfanonin da ke mata aiki bisa irin wannan jeri, littattafan jami'a ma suka bi sahu. Dalilin karɓuwarsa a makarantu ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli: tsari ne mai sauƙin rubutawa a allo, mai sauƙin tambaya a jarrabawa.

Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360, ya kafa sashen ilimin kwamfuta a jami'ar Karolina ta Arewa a 1964. A 1975 ya wallafa littafi kan abin da ya gani. Darasinsa da ya fi shahara shi ne idan aikin manhaja ya makara aka ƙaro ma'aikata, ƙara makara yake yi. Tsofaffin ma'aikata sai sun bar aikinsu su koya wa sababbi, sannan hanyoyin magana suna ninkuwa. Mutum 5 suna da hanyoyin tuntuɓar juna 10, mutum 10 kuwa suna da 45. Ke nan wahalar ta fi yawa a tsakanin mutane, ba a cikin na'ura ba.

Ta ina abin ya iso mana? Ta Faransa. A ƙarshen shekarun 1970 Faransawa suka ƙirƙiro tasu hanyar mai suna Merise, da goyon bayan ma'aikatar masana'antunsu, Hubert Tardieu na cikin waɗanda suka tsara ta. Merise ta raba bayanai da ayyukan da ake yi a kansu, kuma tana so a zana komai a takarda kafin a taɓa kwamfuta. Tun 1971 wasu ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, har da Nijar, suka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta IAI a Librebil ta Gabon, wadda daga baya ta samu reshe a Yamai. Ta irin waɗannan makarantu da littattafan Faransa Merise ta zauna daram a yankinmu. Zanen da ya cika kundin ɗan yayana nata ne. Ba zan raina ta ba, domin tana koya wa ɗalibi natsuwa da tunani kafin aiki, kuma ma'ajiyar bayanan da aka tsara da ita ba ta cika rikicewa ba. Rauninta shi ne tana zaton mai aiki ya san duk abin da yake so tun ranar farko.

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela ya san ba haka mutum yake ba. Sai ka sa rigar ka ji inda ta matse. Wannan tunani ne ya haifar da sababbin hanyoyi. A 1986 Barry Boehm ya gabatar da tsarin zagaye, inda ake fara magance abin da ya fi haɗari, a gwada, a sake zagayowa. A 1995 Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da Scrum, sunan da aka aro daga wasan rugbi: ƙaramin rukuni yana aiki na makonni kaɗan, bai wuce wata ɗaya ba, ya nuna wa mai aiki abin da ke tafiya, ya karɓi gyara, kuma kowace rana ana ganawar minti 15. Kent Beck ya ƙara da zaman mutum biyu gaban kwamfuta ɗaya, ɗaya na rubutu ɗaya na dubawa, da rubuta gwaji kafin rubuta manhajar. A Fabrairu 2001 mutum 17 suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwar da ta haɗa waɗannan hanyoyi ƙarƙashin sunan Ajayil.

Koyar da waɗannan hanyoyi a jami'a yana da tasa matsalar. Dukansu magani ne na ciwon da ɗalibi bai taɓa yi ba. Yaron da ya saba rubuta layi 100 shi kaɗai, ya miƙa, ya manta, ba zai ga amfanin taron kowace rana ko rubuta bayanin aiki ba. Zai haddace ma'anarsu ya ci jarrabawa, shi ke nan. Tun da wuri wasu malamai suka gane haka. A jami'ar Toronto ta Kanada, Horning da Wortman sun bayyana a 1977 yadda suka raba ajinsu zuwa ƙananan kamfanoni na wasa, kowane rukuni ya gina wani sashe, ya sayar wa sauran, ya kuma yi aiki da abin da wasu suka rubuta. Ɗalibin da ya sha wuya da rubutun wani marar bayani ba ya buƙatar a yi masa wa'azin muhimmancin bayani. Sai a 1996 cibiyar fasaha ta Rochester ta buɗe digirin farko na injiniyancin manhaja a Amurka, sannan a 2004 manyan ƙungiyoyin masana biyu, ACM da IEEE, suka fitar da jagorar koyarwa da ta nemi kowane ɗalibi ya yi babban aiki na gaske kafin ya kammala.

Mu malamai mun san wannan labari ta wata fuska. A makarantar horar da malamai an koya mana rubuta fish, takardar shirin darasi, minti bayan minti. Ranar da na fara tsayawa gaban aji mai yara sama da 60, kafin minti 10 fish ɗin ta rushe, don yaran ba su san abin da na zaci sun sani ba. Ban daina rubuta fish ba har yau, amma na koyi tsayawa in yi tambaya, in duba alluna, in gyara tafiya. Malamin da ba ya shiri ɓata yake yi, wanda kuma ba ya ɗaga kai daga takardarsa yara ne ke ɓacewa.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Ga iyayen da ke da ƴaƴa a wannan fanni a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa: kada tambayarku ta tsaya kan maki. Ku tambaye su da wa suka yi aikin, wa zai yi amfani da shi, sau nawa suka nuna masa kafin su gama. Idan kuna da kanti, ko ƙungiyar adashe, ko lakwal mai buƙatar rajista, ku ba su su gwada, kuma ku faɗa musu gaskiya idan abin bai yi ba. Ga ƴan uwana malamai: ko da babu kwamfuta a ajinmu, muna iya sa yara aikin rukuni na gaske, kowa da nauyinsa, su nuna aikin tun bai ƙare ba, su karɓi gyara daga juna ba tare da jin kunya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma waɗannan halaye ne jami'a ke wahalar dasawa a shekara 3.

Ɗan yayana ya koma wurin mai kantin. Wannan karon ya yini biyu a zaune bakin kanta yana kallon yadda ake ciniki kafin ya sake taɓa kwamfuta, kuma ya yi alkawarin nuna masa aikin kowace Asabar. Allah ya sa ya dace, ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani.