Hannun Maƙeri a Kan Tagulla: Tarihin Zanen Doguwar Bindigar Amurka

A watan Oktoban 1971 wani ɓarawo ya shiga gidan tarihi na Valley Forge a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya ɓalle akwatin da ake baje kaya, ya yi awon gaba da wata tsohuwar bindiga. Shiru kake ji har shekara 47. A 2018 wani dillalin kayan tarihi ya saye ta cikin tarkacen da aka yi gwanjonsu, kuma da farko ya ɗauka kwaikwayo ce, irin wadda masu sha'awa ke ƙerawa a yau. Da aka bincika sai aka tabbatar ita ce wadda ta ɓata, aka mayar wa masu ita a 2019. A saman bututunta an yanka sunan maƙerinta, Christian Oerter, da shekarar 1775, jikin icenta kuma an ƙawata shi da siraran wayoyin tagulla da aka kafa a ciki.

Kuskuren farko na dillalin nan yana nuna mana cewa har gobe ana ƙera irin wannan bindiga, kuma aikin yana kyau har ya rikita ɗan kasuwar da ya saba da tsofaffin. Da yawa daga cikin masu ƙera ta a yau kwali suke saya wanda inji ya riga ya gyara komai a ciki, su dai su harhaɗa. To idan inji ya yi bututu, ya yi ƙota, ya yi makunni, me ya rage wa mai haɗawa? Amsar tana cikin zanen da ake yankawa a kan ƙarfe, kuma don mu gane dalili sai mun koma Pennsylvania ta ƙarni na 18.

Daga Jamus zuwa Lancaster

Duk wanda ya taɓa ganin 'yan bindiga a hawan sallah ya san yadda ake ɗura bindigar toka: a zuba albarushi ta baki, a tura da sanda, a danna. Doguwar bindigar Amurka ma haka ake ɗura ta. Bambancin shi ne a cikin bututunta akwai tsage-tsage masu murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyawa, don haka yake tafiya saiti. Bindigar sojan Ingila ta wancan zamani, mai sulɓin ciki, da wuya ta sami mutum a nisan da ya wuce yadi 100. Wannan kuwa a hannun gwani tana samu a yadi 200 har da ɗoriya.

Baƙi masu jin Jamusanci, daga Jamus da Suwizalan, su ne suka kawo fasahar zuwa gundumar Lancaster da kewaye a farkon ƙarni na 18. A gida sun saba da gajeruwar bindigar farauta mai faɗin baki. A sabuwar ƙasa sai suka tsawaita bututun har ya wuce mita ɗaya, suka tsuke bakin. Mafaraucin da zai yi watanni a daji yana lissafin dalma: fam ɗaya yana ba shi harsashi kusan 40 idan faɗin bakin rabin inci ne, alhali a bindigar soja bai wuce 14 ko 15 ba.

Harsashin dunƙulen dalma ne, kuma kafin a tura shi sai an naɗe shi da ɗan ƙyalle mai maiƙo don ya kama tsagen nan. Ƙyallen yana bukatar wurin ajiya, sai aka fafe rami a gefen gindin ƙota aka yi masa murfi. Da farko murfin na ice ne mai zamewa, kamar yadda ake yi a Jamus. Zuwa shekarun 1770 sai murfin tagulla mai buɗewa ya bazu. Wannan 'yar batta ta tagulla ita ce ta zama allon da maƙerin Amurka ke baje basirarsa a kai.

Kada kyan adon ya ɗauke mana hankali daga aikin da makamin ya yi. A Disamban 1763, a wannan gundumar ta Lancaster, wasu fararen fata ɗauke da makamai suka kashe mutum 20 daga 'yan asalin ƙasar na ƙauyen Conestoga, har da mata da yara. Da irin wannan bindiga a kafaɗa Daniel Boone da mutanensa suka sare hanya zuwa Kentucky a 1775, cikin dazukan farautar ƙabilun Shawnee da Cherokee. Sunan da aka fi saninta da shi ma, wato bindigar Kentucky, ya bazu ne ta wata waƙa mai suna The Hunters of Kentucky da aka yi kan yaƙin New Orleans na 1815, duk da cewa mafi yawan ƙirar a Pennsylvania, Maryland, Virginia da Carolina aka yi.

Ado mai nuna gari da gida

A ƙasar Hausa maƙerin baƙi daban, maƙerin fari daban, masassaƙi kuma daban. Maƙerin bindiga na ƙauyen Pennsylvania ya haɗa ukun: ya san baƙin ƙarfe, ya san narka tagulla da azurfa, ya san sassaƙa. Amma ba kullum yake yin komai da kansa ba. Makunnin ƙyastu, wato na'urar da ke buga dutse a kan ƙarfe don tartsatsi ya kama albarushi, sau da yawa daga Birmingham ta Ingila ko daga Jamus ake shigo da shi. Bututu kuma akwai masana'antu masu aiki da ƙarfin ruwa da ke yin sa, kamar waɗanda suka jeru a bakin rafin Wyomissing. Ashe tun wancan lokaci maƙeri yana sayen sassa yana haɗawa. Abin da ba ya saya shi ne siffar ƙota, da sassaƙar jikinta, da zanen tagulla.

Salon zanen daga Turai ya zo. Ana kiransa rokoko, ya tashi a Faransa zamanin Sarki Louis na 15, kuma alamarsa ita ce lanƙwasa mai kama da harafin C ko S, da ganyaye masu naɗewa, ɓangaren dama bai zama dole ya yi daidai da na hagu ba. A Faris da Landan yayinsa ya wuce tun shekarun 1770, amma a ƙauyukan Amurka ya ci gaba da rayuwa a jikin bindiga har wajen 1820. Shekarun da suka biyo bayan yaƙin neman 'yancin Amurka su ne masana ke kira zamanin zinariya na wannan ƙira, domin maƙera sun yi yawa, kasuwar yaƙi ta ƙare, sai gasa ta koma kan wa ya fi iya ado.

Yaro yakan yi shekaru yana koyo a gidan maigidansa, ya fita da salon gidan a hannunsa. Shi ya sa kowane yanki ke da tambarinsa. A Lancaster, inda Jacob Dickert ya yi suna, kan battar yakan ƙare da fure mai zagayayyun kunnuwa. A yankin Lehigh akwai wani ɗan kan mutum da ake zanawa a gaban kunama. Nicholas Beyer yana son sa tsuntsu. John Philip Beck na Lebanon, wanda ya rasu a 1811, a wasu bindigoginsa ya yanka haruffan INRI na addinin Kirista a ƙarƙashin bututu, inda ice ya rufe, ba mai gani sai wanda ya kwance bindigar. A gefen da kunci ke jingina kuma akan kafa tauraro mai tsini takwas ko jinjirin wata na azurfa. Bindigogi da yawa ba su da suna ko kaɗan, kuma ta irin waɗannan alamu da yanayin yanka ne ake danganta su ga gari ko ga maƙeri.

Yadda ake yankawa

Kayan aikin ba su da yawa: ɗan kurfi na ƙarfe mai tauri wanda aka wasa bakinsa, da ƙaramar guduma mara nauyi. Maƙeri yakan fara zana fasalin a kan tagullar, ya ɗaure ta a madatsi, ya ɗora bakin kurfin, ya riƙa bugawa a hankali. Kurfin yana tafiya yana ɗaga siririn zaren ƙarfe a gabansa. Idan layi ya lanƙwasa, maƙerin ne ke zagaya madatsin da ƙafarsa. Idan yana son layin ya yi faɗi a bayan ganye sai ya karkata kurfin kaɗan, idan yana son inuwa sai ya jera ƙananan layuka masu haɗewa wuri ɗaya. A bakin-baki akan yi layi mai karkarwa ta hanyar girgiza kurfi hagu da dama ana turawa.

Kowane bugun guduma yana barin ɗan tabo a cikin layin, wanda gilashin ƙara girma ke nunawa kamar matakala. Tazarar tabon da zurfin yankan sun bambanta daga hannu zuwa hannu. Kuma abin da aka yanka ya yanku. Wanda kurfinsa ya zame, ko dai ya mai da zamewar ganye, ko ya zauna da ita. Zanen waɗannan maƙera bai kai na gwanayen Landan tsafta ba, layinsu yakan yi gargada, amma yana da kuzari, kuma wannan gargadar tana cikin abin da masu tara su ke nema.

Inji ya shigo

A 1819 Thomas Blanchard ya yi rajistar wani inji mai bin jikin samfuri yana sassaƙa ƙotar bindiga iri ɗaya da shi. A shekarun 1820 John Hall ya nuna a Harpers Ferry cewa ana iya ƙera bindigogi da sassansu ke shiga juna ba tare da gyara ba. Ƙyastu ya ba da wuri ga sabon makunni mai hular tagulla. Masu tafiya yamma sun koma ga gajerun bindigogi masu ƙarfi marasa ado, irin na 'yan'uwan nan Hawken na St. Louis. A Lancaster kanta, masana'antar Henry Leman da aka buɗe a 1834 tana fitar da bindigogi da yawa, har akan shafa wa ice ratsin ƙarya don ya yi kama da icen mepul mai tsada. Zuwa ƙarshen ƙarnin sai a tsaunukan Appalachia kawai ake ci gaba da ƙera doguwar bindigar, ita ma galibi da baƙin ƙarfe ba zane.

Farfaɗowar ta zo a ƙarni na 20. John Dillin ya wallafa littafi a kanta a 1924. A 1933 aka kafa ƙungiyar masu harbi da bindigar ɗuri ta ƙasa, wadda ke taro a garin Friendship na jihar Indiana. Kamfanin Dixie Gun Works ya fara sayar da sassa a 1954, daidai lokacin da fim ɗin Davy Crockett na Disney ya mamaye talabijin. Littafin Joe Kindig na 1960 ya jera ɗaruruwan hotuna yanki-yanki, ya koya wa mutane kallon bindigar a matsayin aikin fasaha. A 1969 kuma aka fitar da fim ɗin Wallace Gusler a Williamsburg yana ƙera guda tun daga sandar ƙarfe da gungumen ice. Zuwa bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976, kwalayen haɗa-da-kanka masu araha sun cika shaguna, wasunsu da ado na bogi da aka buga da inji a jikin makunni.

Kwalin yau ya wuce wancan nesa ba kusa ba. Kamfanoni irin su Kibler's Longrifles na jihar Ohio suna yanka ƙota da sassa da inji mai bin umarnin kwamfuta. Mu da aikinmu rubuta manhaja ne mun san abin da wannan ke nufi: siffar ta koma jerin lambobi a fayil, kuma kwafi na dubu ba shi da bambanci da na farko. Aikin da ke cin watanni ya dawo na 'yan kwanaki. Mai saye ya goge, ya shafa launi, ya ɗaure kusoshi, ya tashi da bindiga mai kyan ƙira wadda ta yi daidai da ta maƙwabcinsa. Tagullar kuwa tana zuwa fili fetal, ba ko ɗigo a kanta.

A nan gardama take a tsakanin masu sana'ar. Wasu suna barin tagullar haka, kuma suna da hujja, tunda tsofaffin bindigogi marasa ado sun fi masu ado yawa. Wasu suna amfani da kurfi mai aiki da iska, irin wanda aka fara yi a jihar Kansas a shekarun 1960, wanda ke buga dubban bugu a minti har tabon guduma ya ɓace. Wasu suna kai wa mai injin leza ya ƙona musu zanen Beck ko na Dickert daga hoto. Na ƙarshen nan shi ya fi sauƙi, amma layin leza zurfinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba ya faɗi ba ya tsukewa, ba ya ɗaukar haske kamar yankan kurfi. Akwai kuma kuskuren gwaninta: a ɗora zane mai tsananin tsafta irin na bindigar attajiran Landan a kan ƙirar manomin Pennsylvania, abin ya fito kamar rawanin sarauta a kan rigar gona.

A ganinmu wanda ya ɗauki kurfi da guduma shi ya fi kusa da tsofaffin maƙera, ko da ƙotarsa daga kwamfuta ta fito, domin su ma sun sayi abin da za su iya saya, suka ajiye hannunsu inda ba a saye. Hanyar ba gajeriya ba ce. Masu koyarwa a tarurrukan da ƙungiyar nan ke shiryawa a jami'ar Western Kentucky sukan sa ɗalibi ya cika takardu da lanƙwasar C da fensir, sannan ya ɓata faifan tagulla bayan faifai, kafin ya kusanci battar bindigarsa. Zana lanƙwasa mai kyau a takarda ya fi yanka ta a ƙarfe wuya.

Akwai kuma wani haƙƙi a kan mai haɗawa. Tunda ana iya tsufar da ƙarfe da ice da sinadari har su yi kamar sun shekara 200, sabuwar bindiga mara suna tana iya shiga kasuwa nan gaba a matsayin tsohuwa, a cuci mai saye, a kuma gurɓata abin da masana suka tattara game da kowane yanki. Shi ya sa maƙeran kirki na yau ke yanka sunansu da shekarar aiki a saman bututu. Ga wanda ya haɗa kwalinsa na farko, waɗannan 'yan haruffa su ne sukan zama zanensa na farko a kan baƙin ƙarfe, wanda ya fi tagulla tauri, kuma ya kamata ya yanka su da zurfin da magagari ba zai share cikin sauƙi ba.