Yadda Ake Cire Iska a Kulocin Motar Ƙungiya Bayan An Canza Masta

Da kaka motar ƙungiya ba ta hutawa: yau shinkafa daga Tudun Wada, gobe masara daga Doguwa, a fito ta Kwanar Dangora a kama titin Kano ko Zariya. Sau da yawa sai a canza mastar kuloci, a taka feda a ji ta laɓa-laɓa, giya ta ƙi shiga, a ce ai jabu aka sayo. Galibi ba laifin mastar ba ne, iska ce ta shiga layi. Cire ta a gida ya fi ka maƙale da lodi a dajin Falgore.

Me ke faruwa?

A motoci irin su Hiace, Hilux da Canter, man birki ne ke aikin kuloci. In ka taka feda, masta ta sama tana tura mai ta cikin bututu zuwa silinda ta ƙasa da ke jikin giyabos, ita kuma ta saki kuloci. Mai ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa. Muddin akwai ta a layi, ƙarfin ƙafarka a kanta zai ƙare.

Kayan aiki

Sabon man birki, DOT 3 ko DOT 4, gwargwadon abin da aka rubuta a murfin kofin mai. Sifana mai zobe, yawanci lamba 8 ko 10. Siririn tiyo da ake ganin cikinsa. Gora mai tsabta. Da mutum ɗaya da zai taka maka feda.

Yadda ake yi

1. Ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka sa weji a taya. Goge murfin kofi, ka cika mai zuwa layin sama.

2. Fara da sabuwar mastar. Ɗan sassauta notin bututun da ya fita daga jikinta, mataimakinka ya taka a hankali. Ka ɗaure kafin ya saki. A maimaita har mai ya fito ba kumfa.

3. Sauka wurin silinda ta ƙasa. Soka tiyo a kan ɗan notin fitar da iska, ka nutsa ɗaya bakin cikin ɗan mai a gora.

4. Ya taka sau 4 ko 5 a hankali, ya riƙe a ƙasa. Ka buɗe noti kwatan zagaye, mai da kumfa su fito, ka rufe, sannan ka ce masa "saki". In ya saki noti na buɗe, iska ta koma. In feda ta kwanta, a ɗago ta da hannu.

5. Bayan kowane zagaye 3 leƙa kofi ka ƙara mai. In ya ƙafe, aiki ya koma farko.

Gwaji

Tayar da inji, ka taka kuloci, ka jira ɗan kaɗan, ka sa ribas. In ta shiga ba gurza, an gama. Duba wasan feda kuma: a yawancin irin waɗannan motoci na Toyota milimita 5 zuwa 15 ne. In babu wasa sam, kuloci zai riƙa sulɓewa da lodi.

A kiyaye

Kar a zuba baƙin mai ko man haidirolik na tarakta. Suna kumbura robobin ciki, sabuwar masta ta mutu. Kar a mayar da man da ya fito a gora. Man birki yana shan danshi, don haka wanda aka daɗe da buɗewa bai dace ba. Yana kuma cin fenti. In ya zuba, a wanke da ruwa nan take.

In an yi duk wannan feda ba ta yi ƙarfi ba, duba ko silinda ta ƙasa ko tiyon roba na yoyo. In feda ta yi ƙarfi amma giya na gurza, wataƙila matsalar tana cikin kuloci kanta. Wannan kam sai bakanike, kuma kafin a yi lodi.