Ɗakin Likita Ba Kotu Ba Ne: Jinyar Damuwa ga Masu Sha'awar Jinsinsu

A shekarar 1957, masaniyar halayyar ɗan Adam Evelyn Hooker ta wallafa wani bincike a Amurka. Ta yi wa maza 60 gwajin tunani, rabinsu masu sha'awar maza, rabi masu sha'awar mata, ta miƙa wa ƙwararru sakamakon ba tare da ta faɗa musu wane ne wane ba. Suka kasa tantancewa. Duk da haka, sai a 1973 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga kundin cututtukanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a ranar 17 ga Mayu, 1990.

To amma ciwon damuwa, fargaba da tunanin kashe kai ba su ragu a tsakanin masu sha'awar jinsinsu don an gyara kundi ba. Daga ina ciwon yake? Amsar da Ilan Meyer ya bayar a 2003 ita ta fi karɓuwa: daga tsangwama, da zaman jiran tozarci, da ɗawainiyar ɓoye kai dare da rana, har mutum ya koma yana ƙyamar kansa. A kan wannan fahimta jinyar da ke karɓar majinyaci yadda ya zo ta ginu, wadda Alan Malyon ya zayyana tun a 1982. Likita ba ya ɗaukar sha'awar a matsayin cutar da zai cire. Yana sauraro, ya riƙe sirri, ya tunkari rashin barcin, kunyar da kaɗaicin da suka kawo mutumin.

Masu suka sun ce wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. A ganina, tambayar da ta dace ita ce: ɗaya hanyar, wato jinyar sauya hali, me ta haifar? An gwada ta shekaru da dama, har da jona wa mutane lantarki da ba su maganin tashin zuciya. A 2009 kwamitin Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ya bi diddigin binciken da aka yi, bai sami gamsasshiyar hujjar cewa sha'awar tana sauyawa ba, ya kuma yi kashedin jinyar tana iya cutarwa. Robert Spitzer, wanda bincikensa na 2003 masu wannan hanya suka daɗe suna kafa hujja da shi, ya janye ya nemi afuwa a 2012. Shekara guda bayan haka, Exodus International, babbar ƙungiyar Kirista mai wannan aiki, ta rufe ƙofarta.

Aikin Caitlin Ryan ya fi jan hankalina. Bincikenta na 2009 ya nuna matasa masu sha'awar jinsinsu da iyayensu suka juya wa baya sosai sun ninka waɗanda ba a juya wa ba fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu. Ta zauna da iyaye masu riƙon addini, ba ta kuma nemi su bar aƙidarsu ba. Abin da ta nema shi ne su daina duka, gori da kora daga gida. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A Nijeriya lamarin ya fi tsauri. Dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, saboda haka matashin da ke cikin ƙunci zai kai wa likita kukan ciwon kai, ya haɗiye ainihin abin da ke cinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta amince da haƙƙin majinyaci na sirri. Malami na da mumbarinsa, alƙali na da kotunsa. Likitan da ya ari aikinsu ya bar nasa, wanda shi ne majinyacin ya fita da ransa ya kuma yarda ya dawo.