Daga Gayya Zuwa 'Yan Sa Kai: Yadda Ƙasar Tambuwal da Kebbe Ta Riƙa Renon Jagorori

A asalin Hausa, "sa kai" magana ce mai daraja. Ma'anarta mutum ya miƙa ƙarfinsa ga aikin jama'a ba tare da an tilasta masa ko an yi masa alkawarin biya ba. Amma a yau idan aka ambaci 'yan sa kai a kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe, abin da zai faɗo wa mai sauraro a rai shi ne samari riƙe da bindigogi ƙirar gida. A ƙarshen shekarar 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta haramta ayyukansu, bayan zargin kashe-kashe ba bisa shari'a ba. Gwamnan da ya ɗauki matakin, Aminu Waziri Tambuwal, ɗan wannan yanki ne, shi ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015.

Yaya aka yi kalmar da ke nufin hidima ta koma abin da hukuma ke hanawa? Amsar tana cikin tarihin yadda ƙauyukan kudancin Sakkwato suka riƙa renon masu ja musu gaba, da yadda wannan reno ya yi rauni.

Garin da aka gina don tsaron iyaka

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega. Kebbe kuwa, wadda ba ita ce Jihar Kebbi ba, tana can kudu da ita, inda Sakkwato ta yi iyaka da Zamfara da Kebbi. Tun ƙarni na 19 wannan ƙasa bakin iyaka ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki tsarin ribaɗi: a kafa gari mai ganuwa a bakin daga, a zaunar da jama'a, a gina masallaci da makaranta, a ɗora wani daga cikin 'ya'yan gidan a kansu. Shi kansa a ribaɗinsa na Wurno ya rasu. Ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal, kusa da Gwandu, a yankin da Kabawa suka daɗe suna tayar da ƙayar baya, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar garin.

Ba kowane mazaunin ribaɗi ne ya zo da son ransa ba, domin akwai bayi a cikinsu, kuma da guminsu aka yi ayyuka masu yawa. Duk da haka zaman irin wannan gari ya koya wa mutane wata ɗabi'a. Ganuwa tana zubewa kowace damina, rijiya tana cikewa da yashi, ƙofa tana buƙatar mai gadi. Babu baitulmalin da zai biya waɗannan duka. Dole kowace unguwa ta san nata rabon, ta kuma san wanda zai tara mata mutane.

Gayya a matsayin makaranta

A ƙauyukan ƙasar Hausa, wurin da aka fi koyon tara mutane shi ne gayya. Mai gona ya raba goro, ya sa rana, ya tanadi fura da tuwo. Sarkin samari ya sanar da tawagarsa, makaɗa su zo da gangar noma, a jera kunya-kunya ana rige-rige. Haka ake yi wa surukai, haka ake yi wa tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. Da rani kuma a koma ga yasar rijiya, da share maƙabarta, da yaɓen masallaci, da gyaran hanyar kasuwa.

Abin lura shi ne yadda ake samun sarkin samari. Tsararrakinsa ne ke fitar da shi, bayan sun ga aikinsa shekara da shekaru, sannan a kai shi gaban mai gari ya amince. Ta haka yake da iyayen gida biyu: samarin da za su iya watse masa idan ya zalunce su, da dattawan da za su kira shi idan yaransa suka yi ɓarna. Yana iya cin tarar wanda ya ƙi fitowa aiki, amma babban makaminsa shi ne kunya. Wanda ya ƙi gayyar mutane, ranar tasa gayyar zai ga gona wayam.

Bayan girbi kuma sai wasan kalankuwa, inda samari da 'yan mata ke naɗa wa junansu sarautu, wannan sarki, wancan alƙali, wani waziri, daga baya har da gwamna da likita. A ido wasa ne. Amma yaron da ya yi kwanaki yana raba gardama tsakanin abokansa, yana tara kuɗin makaɗa, yana karɓar baƙi daga ƙauyukan maƙwabta, ya riga ya ɗanɗani nauyin jama'a a lokacin da kuskurensa ba zai cutar da kowa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malfar jaji

Mafi tsari cikin duk abin da aka gada a wannan fage, mace ce ta kafa shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, 'yar'uwar Bello da Buhari, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta lura matan ƙauye ba su da hanyar zuwa makaranta. Sai ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Daga ƙauye ake zaɓo mace mai hankali da riƙon amana, a ba ta sunan jaji, Asma'u ta aza mata malfa ta naɗa mata jan rawani. Jaji takan jagoranci ayarin mata zuwa wurin malamar, su koyi karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci masu sauƙin hadda, su koma su koyar da na gida.

Su wa ke cikin ayarin? Galibi dattijan mata da suka wuce haihuwa, da 'yan matan da ba su kai aure ba. Wato babba da yaro ke tafiya tare, ƙaramar tana kallon yadda babbar ke tafiyar da mutane a hanya, da yadda take magana a gaban malama. A gida kuma 'Yan Taru su ne masu wankan gawar mata, da duba marasa lafiya, da sasanta rigima. Ba albashi ake ba su ba, hasali ma su ke ɗauko kyautar hatsi da zuma da man shanu, a rarraba wa mabukata. Da Asma'u ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin daga Wurno, kuma marubuciya Jean Boyd ta tarar da jajoji suna nan a ƙarni na 20. Tsarin da ba shi da kasafin kuɗi ya wuce shekara 100 yana aiki.

Idan aka haɗa gayya da 'Yan Taru, za a ga ginshiƙai iri ɗaya. Waɗanda suka san mutum su ke zaɓensa. Yana koyo a ƙarƙashin na gaba da shi. Ana ba shi alama a bainar jama'a. Kuma akwai wanda zai tsawata masa.

Lokacin da hukuma ta ari gayya

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Mulkin En'e ya tarar da al'adar aikin haɗin gwiwa, sai ya mayar da ita hanyar samun leburori. Ta hannun iyayen ƙasa da masu gari aka riƙa ɗibar mutane aikin hanya da ɗaukar kaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Daga nan talaka ya koyi cewa kiran "a fito aiki" yana iya zama tarko.

Sai kuma ci-rani. Masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya ba da rahoton ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, wadda ta nuna mutum sama da 250,000 sun fita daga Lardin Sakkwato neman kuɗi a kudu da ƙasar Gwanja da sauran wurare. Rani shi ne lokacin ayyukan gari, kuma a daidai lokacin ne majiya ƙarfi ke barin gida. A gona ma ƙwadago ya fara maye gurbin gayya, tunda mai kuɗin biyan lebura ba ya buƙatar jiran rana.

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi ƙoƙarin amfani da ragowar wannan ruhi a shekarun 1950, ta hanyar Yaƙi da Jahilci. An ɗauki waɗanda suka iya boko a ƙauyuka su koyar da manya da yamma, ana ba su ɗan ihsani, hukumar NORLA ta Zariya tana buga musu littattafai, Lardin Sakkwato kuma yana da jaridarsa mai suna Zaruma. A makwabciya Nijar, Seyni Kountché ya farfaɗo da Samariya bayan juyin mulkin 1974, samari suka gina azuzuwa suka dasa itatuwa. Amma da yake ƙungiyar ta zama reshen gwamnati, ƙarfinta ya tafi tare da mulkin sojan da ya ɗauke ta. Haka hukumomin Najeriya irin su DFRRI ta 1986 da MAMSER ta 1987 suka kafa kwamitoci a ƙauyuka, suka shuɗe da su.

Inda tsohon tsari ya sake aiki

Ba a rasa inda aka yi dace ba. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, suna nan a kowane wa'azi da jana'iza da filin idi. Yaro yana shiga da ƙuruciya, ya yi fareti a ƙarƙashin kwamanda, ya sa kaki, ya hau muƙami a hankali. Ko da saninsu ko babu, tsarin jaji suka maimaita.

Fagen lafiya ma ya ba da shaida. Bayan ƙauracewa rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar sarakuna, musamman kwamitin da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa a 2009, da kuma matan unguwa masu bi gida-gida da aka fara ɗauka a 2012. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. A 2013 kuma Jihar Sakkwato ta fara rarraba maganin shafa wa cibiyar jariri da na tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ta hannun mata 'yan sa kai a mazaɓu 244 na jihar, da Tambuwal da Kebbe a ciki. Matar da aka sani tun tana yarinya ana buɗe mata ƙofar da ba za a buɗe wa baƙon ma'aikaci ba.

Sai dai waɗannan shirye-shirye sun zo da nasu ciwon. Alawus ya shiga tsakani. Alawus ba laifi ba ne, domin mai hidima ma yana da bakin ciyarwa. Matsalar ita ce idan jerin sunaye ya koma hannun ɗan siyasa, sai zaɓen jama'a ya faɗi, idan kuma kuɗin masu tallafi ya ƙare, sai aikin ya tsaya cak ba tare da an bar magaji ba.

Komawa ga kalmar

Da hare-haren 'yan bindiga suka bazu daga Zamfara zuwa gabashin Sakkwato, har suka isa ƙauyukan Kebbe da kewaye, samari sun yi abin da kakanninsu na ribaɗi suka yi, suka tashi kare gari. Jarumtar tana nan, kuma da yawa sun ba da rayukansu. Abin da ya ɓace a wurare da dama shi ne sauran ginshiƙan. Ba kullum ake sanin wanda ya zaɓe su ba, ba wanda ya horar da su, kuma idan suka kama mutum a kasuwa saboda kamanninsa ko harshensa, babu dattijon da maganarsa za ta tsayar da su. Ramuwar gayya ta biyo baya. Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar a 2024 yunƙuri ne na mayar da horo da doka cikin lamarin, amma kaki da albashi ba su isa su haifar da amanar da ke tsakanin sarkin samari da garinsa ba.

Yawancin 'yan bokon da suka fito daga wannan yanki suna da ƙungiyoyin ci gaban gari, suna tara kuɗi a Sakkwato da Abuja su aika a gina aji ko a haƙa rijiyar burtsatse. Gini yana da sauƙin nunawa. Abin da ya fi wuya, wanda kuma tarihin yankin ya nuna ya fi daɗewa, shi ne a sa matashi a kwamitin makaranta ko na asibiti kusa da dattijo, a damƙa masa ƙaramin aiki da ƙaramin kuɗi, a sa shi ya yi bayani a gaban jama'a, shekara ta zagayo a ƙara masa. Asma'u ba ta bar wa jajojinta gini ko asusu ba. Yarinyar da ta riƙe wa jaji ƙwarya a hanyar Wurno, ita ce bayan shekara 30 ta aza malfar a kanta.