Dutsen da Farce Ke Karcewa

A hutun bara ƙanena ya ga bidiyon masu sassaƙar dutse a waya, ya ce shi ma sai ya koya, in nemo masa dutse mai laushi. Na zaga kasuwar Magarya, na tambaya har Dungas. Inda duk na je sai a nuna mini dutsen niƙa ko na wasa wuƙa. Wani tsoho ya yi dariya ya ce: "Yaro, dutse kuma da laushi?"

Tambayarsa ta tsaya mini a rai, don ni ɗalibin ilimin harshe ne. Ku duba kalmar sassaƙa. A bakinmu ta itace ce: masassaƙi shi ke yin turmi, taɓarya, akushi, allo da ƙotar fartanya. Dutse kuwa koɗa shi ake yi, wato a bubbuge fuskar dutsen niƙa in ta yi santsi. Ƙasa ce ta koya wa harshe haka. Yankinmu rairayi ne da jigawa da fadamun Korama inda ake noman rake. Duwatsun da ke kewaye da birnin Damagaram kuma masu tauri ne, sai guduma.

Dutsen da ƙanena ke nema shi ne wanda Faransawa ke kira talc, ko dutsen sabulu. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, daga 1 zuwa 10, shi ne na 1, farce ma na karce shi. A Nijar, maƙeran Abzinawa na Agadas ke sassaƙa shi, suna yin raƙuma da ƙananan akwatuna. Masu yawon buɗe ido ne manyan masu saye, shi ya sa tawayen 2007 da rashin tsaron da ya biyo baya suka karya kasuwar.

Kada a ce aikin dutse baƙo ne a ƙasar nan. Raƙuman dawa na Dabous, arewa da Agadas, an zana su a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce. A Najeriya, garin Esie na jihar Kwara na da mutum-mutumin dutsen sabulu kusan 800, kuma can aka buɗe gidan tarihi na farko a ƙasar a 1945. Tsuntsun da ke tutar Zimbabuwe ma asalinsa sassaƙen irin wannan dutse ne.

To me ya sa bai iso mu ba, alhali ayarin Abzin na ratsa Damagaram zuwa Kano? A ganina dalili biyu ne. Raƙumi ba ya ɗaukar kaya mai nauyi da ba mai saye. Gishirin Bilma da dabino su ke da riba. Na biyu, malamanmu na hana sassaƙa siffar mai rai, don haka masu hannu suka zuba basirarsu a ƙwarya, fata da zanen bango.

A ƙarshe wani direba ɗan unguwarmu mai zuwa Agadas ya kawo mana dunƙule biyu. Ƙanena ya fara da ƴar tawada ta makarantar allo. Baba ya juya ta a hannu, ya tambayi sunan wannan sana'a. Har yanzu muna gardama a gida: koɗa ce ko sassaƙa? Ku ƴan uwa ɗalibai, in kakanninku na da wata kalma, ku rubuto ta kafin fitowa ta gaba.