Tuddan Maskara: Yadda Ƙasa da Rana Suka Ɗaure Aljeriya da Kasuwar Faransa

A shekarar 1960, maƙwabciyarmu Aljeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi zuwa waje, alhali kusan mutum tara cikin goma na mazaunanta Musulmi ne da addininsu ya haramta musu shan ta. Duk lokacin da na ambaci wannan a shirina na tarihi a rediyo, sai masu saurare su bugo waya suna tambaya ko ɓatan baki na yi. Gaskiyar magana ke nan, kuma wanda yake son ya fahimci yadda aka yi haka, sai ya fara da duba ƙasar da aka shuka inabin da yanayin da ya nuna a cikinsa.

Mu Hausawa mun san cewa wuri yana shiga cikin ɗanɗanon amfanin gona. Albasar Galmi ta yi suna ne saboda irinta da ƙasarta da hannun manomanta, haka ma lemo da rumman na lambunan Timiya a tsaunukan Ayar. Inabi yana cikin itatuwan da suka fi nuna wannan hali. Mu ɗauki tuddan Maskara a yammacin Aljeriya, kudu maso gabas da birnin Oran, inda gonakin suke kwance a gangaren tsaunukan Bani Shugran, tsakanin mita 600 da 900 sama da teku. Ƙasar wurin tsakuwa ce da yashi da farar ƙasa, ruwa ba ya kwanciya a kanta. Kurangar inabi ba ta son jiƙaƙƙen gindi. Idan ta rasa ruwa a sama sai ta tura saiwa can ƙasa, ta yi ƴaƴa kaɗan, ƙanana, masu kaurin ɓawo. A cikin ɓawon nan launi da ƙamshi suke. Kurangar da aka dasa a fadama mai laka kuwa takan yi ganye da ƴaƴa jingim, sai dai ruwa ya fi yawa a cikinsu.

Yanayin can ya saɓa da namu. Ruwan samansu yana sauka ne lokacin sanyi, watannin zafi kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Saboda haka inabi yana nuna cikin rana tsantsa, ba ruɓa, ba fumfuna, sukari yana ta taruwa a cikinsa. Yawan sukari shi ne yawan barasa idan an tsima ruwan. Tudu kuma yana ƙara wani abu da fili ba shi da shi, wato sanyin dare. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6, kuma sanyin nan yana hana ɗan tsamin inabin gudu, sai zaƙi da tsami su daidaita. Babban abin tsoron manomi shi ne iska mai zafi da ke tasowa daga Sahara, wadda Turawa ke kira siroko, domin cikin ƴan kwanaki tana iya mayar da ƴaƴan zabibi tun suna bisa itace.

Ƙasar nan da ranar nan sun daɗe a wurin kafin zuwan Faransawa, kuma mutanen yankin suna noman inabi kaɗan don ci da yin zabibi. Abin da ya canja shi ne mai gonar. Faransa ta kama birnin Aljiyas a 1830. Amir Abdulƙadir, wanda aka haifa kusa da Maskara kuma ya mayar da ita babban birninsa, ya yi ta yaƙi da su har 1847. Bayan an murƙushe tawayen Mukrani na 1871, hukumar mulkin mallaka ta ƙwace ɗaruruwan dubban hekta a matsayin horo. Dokar Warniye ta 1873 kuma ta farfasa gonakin gandu na dangi, ta mayar da su mallakar ɗaiɗaikun mutane, yadda saye zai yi wa Turawa sauƙi.

Da farko alkama Turawan suka fi shukawa. Wani ɗan ƙwaro da da ƙyar ido ke ganinsa ne ya juya al'amarin. Sunansa filoksera, ya shigo kudancin Faransa daga Amurka a shekarun 1860, yana tsotse saiwar kuranga har ta mutu. A 1875 Faransa ta samar da giya sama da lita biliyan 8. Zuwa 1889 abin ya faɗo ƙasa da biliyan 2 da rabi. Maganin da aka gano daga baya shi ne aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai bisa gindin na Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Kafin maganin ya bazu, manoman da suka talauce sun yi ta ƙetare teku zuwa Aljeriya, bankuna suna ba su bashi, kuma kayansu suna shiga Faransa ba kuɗin fito, tunda a dokance Aljeriya yankin Faransa ce. Matsala ɗaya ta rage musu: zafin lokacin girbi yana kashe yis kafin tsimi ya kammala, giyar ta lalace. Da aka samo na'urorin sanyaya manyan tankuna a ƙarshen ƙarnin, sai hanya ta buɗe. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 gonakin inabi sun kai kusan hekta 400,000, kuma a shekara mai kyau ana samun kimanin lita biliyan 2.

A nan ne halin ƙasa ya haɗu da buƙatar kasuwa. Da manoman Langedok na kudancin Faransa suka sake dasa gonakinsu, sun sauko filaye masu ni'ima da wani iri mai suna Aramon, mai yawan ƴaƴa. Giyarsa fara-fara ce, ba ƙarfi, barasarta ba ta cika wuce kashi 8 ko 9 cikin 100 ba. Ta Aljeriya kuwa baƙa ce wuluk, tana kai kashi 12 zuwa 14. Sai ƴan kasuwa suka riƙa sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Set, suna gauraya biyun, suna sayar wa ma'aikatan biranen Faransa. Har suna suka ba ta, wai giya likita, domin ita ke warkar da mai rauni. Yawancin kayan daga filayen Oran da Mitija suke fitowa. Tuddan Maskara da Tilimsan da Mediya su ne masu ba da mafi inganci, amma sau da yawa su ma cikin gaurayen suke ɓacewa ba a ko ambaci sunansu ba.

Manoman Faransa ba su ji daɗin wannan gasa ba. Faɗuwar farashi ta kai su ga bore a 1907, inda sama da mutum 500,000 suka taru a Monpeliye ranar 9 ga Yuni. Babban kukansu giyar jabu ce ta sukari da ruwa, amma ta Aljeriya ma tana cikin abin da ya cika kasuwa. A 1931 aka yi dokar taƙaita sabon dashe, a 1935 kuma aka kafa tsarin da ke ɗaure sunan giya da yankin da aka noma ta. Yau ana faɗar wannan tsari kamar girmama ƙasa ne kawai, alhali kare kasuwa yana cikin tushensa.

Su kuma ƴan ƙasa, rabonsu ƙwadago ne: sassabe, datse rassa lokacin sanyi, tsinka lokacin zafi, kan lada kaɗan, a gonakin da kakannin wasunsu suka noma alkama da sha'ir. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da aka sami ƴanci a 1962, Turawa kusan miliyan ɗaya suka kwashe nasu ya nasu suka tafi, suka bar wa sabuwar gwamnati kayan da jama'arta ba sa sha, mai saye kuma ɗaya tilo. Faransa ta yi ta rage saye saboda matsin manomanta. Aka koma ga Tarayyar Sobiyat, wadda ta saya da araha. A 1970 gwamnati ta ware yankuna bakwai na inganci, har da Maskara da Tilimsan da Mediya, ko tuddai za su ceci abin da filaye suka kasa. Ranar 24 ga Fabrairu 1971 Shugaba Huwari Bumadiyan ya mayar da mafi yawan harkar man fetur da iskar gas hannun ƙasa, dangantaka da Faransa ta ƙara tsami, aka shiga tumɓuke kuranga da yawa. Dubban leburori suka rasa aikin yi, domin alkama ba ta cin hannu kamar inabi, kuma a wasu gangaren da aka tsiraita ruwan sama ya fara kwashe ƙasa. Yau abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma inabin ci ya karɓe gonaki da yawa.

Mu ma mun ga irin wannan da gyaɗa. Jigawar Maraɗi da Damagaram ta dace da ita ƙwarai, haraji ya tura talaka ya noma ta, masana'antun mai na Faransa suka saye. Da farashin gata ya ƙare a ƙarshen shekarun 1960, farin shekarun 1970 ya biyo baya, sai manomi ya tarar da gajiyayyar ƙasa da rumbu wayam. Shi ya sa idan na ji ana cewa ƙasarmu ta dace da wani sabon amfanin gona na sayarwa waje, nakan tambayi abu uku: gonar ta wa ce, mai sayen mutum nawa ne, kuma me za a ci ranar da ya juya baya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.